HUKUNCIN ƊAUKAR HOTON ITATUWA DA FURANNI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a Wurno ta ƙasar Birnin Kudu, watau ba Wurnon Sakkwato ba inda kabarin Sarkin Musulmi Bello yake, da wuya yau a ga saurayin da ba shi da wayar da ke ɗaukar hoto. Da damina ta sauka sai ka ga wani ya durƙusa gaban fure yana ɗauka, wani dattijo kuwa na kallonsa da ƙyama, domin ya tashi da jin cewa hoto haramun ne. Tsoron dattijon yana da asali, amma ya ajiye shi inda ba muhallinsa ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya gaya masa zane-zane ce sana'arsa. Ɗan Abbas ya karanta masa gargaɗin Annabi, cewa za a azabtar da mai suranta abu mai rai, a ce ya hura masa rai, ba kuwa zai iya ba. A ruwayar Buhari, mutumin ya firgita har fuskarsa ta sauya. Sa'an nan ɗan Abbas ya ce masa, in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da ruhi. A kan wannan jumhurun malamai suka tafi. Mujahid ne ya ƙi a suranta itace mai 'ya'ya, Alƙali Iyal mai littafin Ashafa kuwa ya ce ba wanda ya faɗi haka sai shi. Saboda haka saɓanin da malaman zamani suka yi kan hoton mutum da na dabba bai taɓa kuka ko ɗorawa ba.

Har wa yau al'amarin ya wuce halacci. A aya ta 99 ta Suratul An'am, Allah Ya umurci bayinSa su dubi 'ya'yan itace sa'ad da suka fito da sa'ad da suka nuna. Ga gawo, da damina ya kakkaɓe ganyensa ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ciyar da dabbobi. Furen kuka fari ne, da almuru yake buɗewa, jemagu su kwana suna ziyartarsa, kashegari ya yi yaushi. Mutum nawa suka tsufa a gindin kuka ba su taɓa lura da wannan ba? Ƙuduji kuma, kyawun furensa sai wanda ya gani, amma ta ƙarƙashin ƙasa yake tsotse saiwar dawa.

Abin damuwa shi ne gatarin masu gawayi bai bar marke da ƙirya ba, tsofaffin da suka san sunan kowane haki da maganin da yake yi kuma suna ta ƙaura. Tun 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, alhali jikokin waɗanda suka gaya masa sunayen da yawa ba su iya bambanta sabara da kalgo. Hoton da ba suna a jikinsa ƙawa ce kurum. Wanda ya ɗauka ya kai wa kakarsa ko mai magani, ya rubuta sunan da wurin da watan da ya gan shi, ya ajiye wa na baya ilmi, ana kuwa fatan ya sami lada gwargwadon niyyarsa.

Sai dai shinge yana da alfarma. Kada son fure ya sa a tsallaka gonar wani ba izini, ko a tattake masa wake, ko a karya reshe don hoto ya yi kyau. Kada kuma a fake da furen ƙofar gida a ɗauki matan mutane. Hasken yamma da masu hoto ke so kuwa, lokacin La'asar ne, sai a fara gabatar da salla.