Kai Aku Wurin Likita Almubazzaranci Ne?

Wata ɗalibata a ajin matan aure ce ta tare ni da wannan tambaya bayan an tashi daga darasi. Maigidanta ya sayo aku, wai don yara. Bayan 'yan watanni akun ya daina surutu, ya koma fisge gashin ƙirjinsa. Da ta ce a kai shi wurin likitan dabbobi, sai uwar mijinta ta ce, "Mutane na neman kuɗin magani, ke kina zancen likitan tsuntsu?"

Maganar Hajiya ba ta banza ba ce, amma a ganina ta zo a makare. A kasuwa ya kamata a yi wannan lissafi, kafin a biya kuɗin keji.

Ajiye tsuntsu ba haramun ba ne. Ƙanin Anas ɗan Malik, wato Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Annabi (SAW) bai hana ba. To amma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kin ga abin da ya ɗora mata nauyi ai kullewar ce. Tsuntsun daji ba ya bin ki bashi. Ranar da kika rufe masa ƙofa, cinsa da lafiyarsa sun dawo wuyanki.

Kuma ciyarwa fa ba watsa gyaɗa ba ce kawai. Akun da ke rayuwa a kan tsaba zalla yakan rasa bitamin A da sinadarin kalsiyam, yana buƙatar ganye da 'ya'yan itace. Fiya kuwa, wato abokado, guba ce gare shi, gyaɗa mai funfuna kuma tana jawo masa ciwon numfashi. A daji cikin garke yake rayuwa, shi ya sa kaɗaici kan sa shi fisge gashinsa. Ga shi tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, kafin ki lura abu ya yi nisa. Wannan ilimi ba a gadonsa, sai an tambaya, kuma ko cikin likitocin dabbobi ba kowa ne ya ƙware a kan irin waɗannan tsuntsaye ba.

Wani abin da ya fi damuna: aku mai ruwan toka da jar wutsiya yakan kai shekara 40 a hannun mutane, kuma kamun da ake yi masa ya sa a 2016 aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Yaran da aka sayo shi dominsu za su yi aure su bar shi.

Na ce wa ɗalibar ta lallaɓa Hajiya cikin ladabi, ta kai shi. In hidimar ta fi ƙarfinsu, su miƙa shi ga wanda ya san kiwonsa, kada su buɗe keji kawai, don akun da ya saba da gida ba lallai ya iya ciyar da kansa ba.