Motar da aka sauya wa jijiyoyi: ita ce ko wata ce?

A shekarar 1957 Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a Ingila, 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu wadda ake iya saya gunduwa-gunduwa, mutum ya harhaɗa abarsa a gareji. Akwai dabara a ciki, domin motar da aka sayar a warwatse ba a ɗora mata harajin saye. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana yi.

Motar ba ta da rufin kirki, ga Ingila ƙasar ruwan sama, ga gishirin da ake watsawa a tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan shi ne ajalin wayoyi. Yana kutsawa ta mahaɗa, jan ƙarfen ya yi kore, wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa, sai a ba da sigina fitilar birki ta kama kyaftawa. Daga ƙarshe mai motar ya yi abin da mai rewaya yake yi a gareji: ya kwashe wayoyin kakaf ya shimfiɗa sababbi.

To, bayan an gama, ita ce motar da, ko wata ce?

Tambayar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana falsafa suka rabu biyu a kan ko jirgin yana nan ko ya tafi. Daga baya masanin falsafa Thomas Hobbes ya ƙara dagula lamarin: idan wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake haɗa su, wanne ne jirgin na gaskiya?

Hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, DVLA, ba ta da lokacin musu, sai ta koma lissafi. Shekaru da yawa ta yi aiki da tsarin maki 14 ga motar da aka yi wa babban sauyi: ƙashin motar maki 5, giya 2, sitiyari 2, sifirin da shokozoba 2, sandunan da ke riƙe tayoyi 2, injin kuwa 1 tak. Sai mota ta haɗa 8, ciki har da biyar ɗin ƙashi, kafin ta riƙe tsohuwar lambarta. In ta gaza, a ba ta lamba mai farawa da Q. Wayoyi? Ko maki ɗaya ba su samu ba, alhali in babu su motar ba ta ko yin tari.

Aikin mai sauya wayar ya fi wannan lissafin kusa da amsa. A tsarin launukan tsofaffin motocin Ingila, waya ruwan ƙasa tana ɗauke da wutar batir a kowane lokaci, fara tana samun wuta idan an murɗa makulli, koriya ita ce ta makulli bayan ta bi ta fiyus, baƙa kuma ta koma jikin ƙarfe. Gwani yakan zubar da kowace tsohuwar waya amma ya riƙe launi da hanya. Abin da aka yi wayar da shi ya sauya, tsarin bai sauya ba, kuma tsarin nan masanin falsafa Aristotle ya fifita wajen bayyana mene ne abu.

Kare sababbin wayoyin daga ruwa ma yana da nasa abin mamaki. Ana rufe mahaɗa da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, a shafa giris, a ɗaga akwatin fiyus sama, a lanƙwasa waya ƙasa kafin ta shiga mahaɗa don ruwa ya ɗige a gwiwar. Amma wanda ya san aiki ba ya toshe akwatin ɗungurungum. Yakan bar ɗan rami a ƙasa, saboda raɓa tana taruwa a ciki, in ba ta sami mafita ba ita za ta cinye wayar. Hatta mahaɗa mai shaidar IP67, alƙawarinta zurfin mita 1 ne na minti 30.

Saboda haka wayoyin nan sababbi ma wata rana za a kwashe su. Muddin mai kwashewar ya mayar da ruwan ƙasa inda ruwan ƙasa take, baƙa inda baƙa take, hukuncin mai wannan rubutu shi ne motar tana nan, ita ce dai.