Zaman Lafiyar Wa Muke Tsaro?

A kan ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Gaskiya ne. Saboda haka idan wani ya tashi cikin ekklesiya ya ce ana danne waɗansu, mu kan ce ya yi shiru, kada ya kawo mana sabon ra'ayi irin na duniya. Daidai ne kuwa? Bari mu duba labarin wata ekklesiya a Afirka ta Kudu, mu auna kanmu.

Sunanta Dutch Reformed, ta Turawan da kakanninsu suka zo daga ƙasar Holan. A 1829 majalisarta ta tsai da magana cewa Jibin Ubangiji na kowa ne tare, fari da baƙi. Amma waɗansu Turawa suka ƙi. A 1857 majalisa ta yarda cewa yin sujada tare shi ne koyarwar Littafi Mai Tsarki, duk da haka, saboda rashin ƙarfin waɗansu, ta ba da izini a raba. Dattawan nan ba su ce suna ƙin kowa ba. Zaman lafiya suke nema.

Ku ga inda abin ya kai. Izini ya zama al'ada, al'ada ta zama koyarwa. A 1881 aka kafa ekklesiya dabam domin waɗansu masu bi da ba farare ba. Sa'ad da gwamnati ta kama tafarkin wariyar launin fata a 1948, ekklesiyan nan ta goyi bayanta, har da kawo ayoyi. Fastonta Beyers Naudé ya ƙi, ya rasa aikinsa a 1963, mutanensa suka ce da shi maci amana. A 1982 'yan'uwa na sauran ƙasashe suka taru a Ottawa, cikin Kanada, suka ce wariya zunubi ce. A 1990, a Rustenburg, malaminta Willie Jonker ya furta laifinsa da na ekklesiyarsa, Desmond Tutu kuwa ya karɓi tubansa. Shekara 133 ke nan bayan izinin nan.

To, me muka koya? Abin da suka kira tsohuwar hanya, shi ne baƙo. Abin da suka kira sabon ra'ayi, shi ne tsohuwar gaskiya. Ba mu ce kowane sabon abu nagari ne ba, lalle a gwada shi da Maganar Allah. Amma al'adarmu ma sai a gwada ta da mudun nan guda. Ku tuna, Bulus ya tsauta wa Bitrus a Antakiya don ya daina cin abinci da al'ummai.

'Yan'uwa, ran da majalisarmu ta zauna a kan maganar gādon gwauruwa, ko karatun 'ya'ya mata, ko mutumin wata kabila, kada mu tambaya, "Wa zai yi fushi?" Mu tambaya, "Wa ke ɗauke da nauyin shirunmu?" Gama idan marar ƙarfi ne kaɗai yake biyan kuɗin zaman lafiyarmu, ba salamar Almasihu ba ce.