Hukuncin Fashin Lacca ga Ɗalibin da Ke Cin Jarrabawa

A kusan kowace jami'a akwai ɗalibin da ba a cika ganinsa a ɗakin lacca ba, amma idan aka kafe sakamako sai a tarar da sunansa a sama. Yana karatunsa a ɗaki ko a laburare, ya ari littafin abokinsa ya kwafi abin da aka yi, ya bi tambayoyin shekarun baya, ranar jarrabawa ya zo ya kwashe maki. A yawancin jami'o'in Nijeriya digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa ne daga 4.50 cikin 5.00, kuma akan sami irin wannan ɗalibi a wannan sahu. Halinsa yana tayar da tambayoyi biyu da mutane kan cakuɗa su: shin ya yi laifi, kuma shin ya yi asara? Mutum yana iya kuɓuta daga laifi amma asara ta same shi, kamar yadda yana iya cin riba da abin da bai halatta gare shi ba.

Irin wannan ɗalibi ba shi da yawa. A 1993 masanin tattalin arziki David Romer ya duba azuzuwan fanninsa a manyan jami'o'i uku na Amurka, ya ga kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai ba sa zuwa, kuma masu zuwan sun fi masu fashi maki. A 2010 Marcus Credé da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa a kan batun, suka gano cewa halartar aji ta fi makin sakandare da na jarrabawar shiga jami'a nuna yadda ɗalibi zai ƙare. Ke nan masu fashin da ke ɗaukar kansu a matsayin haziƙin da ba ya bukatar malami, sau da yawa sakamako yakan ƙaryata su. Maganar nan ta shafi 'yan kaɗan ɗin da sakamako ya gaskata su ne.

Hujjar waɗannan tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa lacca hanya ce, ilimi shi ne manufa, kuma malaman usulu sun tabbatar da cewa hanya tana samun hukuncinta ne daga manufarta. Wanda ya isa inda ake son ya isa, me ya rage a tuhume shi da shi? Suna ƙarawa da abin da kowa ya sani: ɗakin da aka cusa ɗaruruwan ɗalibai, na baya ba ya jin na gaba, malami kuma yana karanto takardun da ya raba tun shekarun baya. Adam Smith, wanda ya yi karatu a Okisfod, ya koka a littafinsa na 1776 cewa yawancin farfesoshin can sun daɗe da barin koyarwa, ya kuma yi nuni da cewa laccar da ta cancanci a halarta ba ta bukatar a tilasta wa kowa zuwa. Tun kafin shi, a ƙarni na 11, likitan Masar Aliyu ɗan Ridwan, wanda ya koyi aikinsa daga littattafai, ya yi rubutu yana fifita karatun littafi a kan zama gaban malami. Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta tun 1858 ga waɗanda ba su zauna a ajinta ba, kuma buɗaɗɗiyar jami'ar Nijeriya, NOUN, a kan karatu daga nesa aka gina ta. Shi kansa Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya yarda a cikin Muwafaƙat cewa ana samun ilimi daga littattafai, da sharaɗin mai karatun ya riga ya san isɗilahin fannin kuma ya nemi rubutun magabatan masanansa. Sai dai ya bayyana cewa ɗauka daga bakin malami ta fi amfani.

Raunin wannan hujja yana wurin da ta ɗauki maki a matsayin ilimin kansa. Jarrabawa samfur ce. Mai sayen hatsi yakan zura hannu a bakin buhu ya ɗebi kaɗan ya duba, ya yi hukunci a kan buhun duka, kuma hukuncin nasa yana inganta ne idan ba a jera masu kyau a sama don idonsa ba. Ɗalibin da ya karanci salon tambayoyin malami ya shirya musu kaɗai, ya jera masu kyau a sama ke nan. Takardar awa biyu ko uku ba za ta iya ɗaukar abin da aka yi a zango guda ba, kuma akwai abubuwan da ba ta san yadda za ta tambaye su ba: yadda ƙwararre ke tunkarar matsalar da bai taɓa gani ba, inda yake dakatawa ya ce bai sani ba, da abin da yake ɗauka da muhimmanci ko yake wucewa.

Labarin Albert Einstein ya nuna fuskokin biyu. A kwalejin kimiyya da fasaha ta Zurik ya riƙa fashin lacca yana karanta abin da ransa ke so, ya dogara da rubutun abokinsa Marcel Grossmann, har ya zo na ɗaya a jarrabawar tsakiya ta 1898. Amma da ya gama a 1900 babu malamin da ya ɗauke shi mataimaki, ya yi ta fama da rashin tsayayyen aiki har 1902. A 1912, da ya shiga aikin da ya kai shi ga babban nazarinsa a kan ƙarfin jan abubuwa, ya tarar yana bukatar zurfin lissafin da ya yi sakaci da shi, sai ya koma wurin Grossmann ɗin nan ya nemi taimako. Daga baya shi da kansa ya faɗi cewa lokacin ɗalibta bai gane darajar wannan lissafi ba. Wanda bai san fanni ba tukuna ba shi da ma'aunin da zai tantance abin da zai bukata a cikinsa, kuma wannan ita ce babbar matsalar mai zaɓar laccar da zai halarta.

Al'adar ilimin Musulunci ta ba zama gaban malami matsayi mai girma, kuma da dalili. Ibn Buɗlan na Bagadaza, da ya mayar wa ɗan Ridwan martani, ya lissafo abubuwan da kan ɓatar da mai karatu shi kaɗai, irin su kalmomi masu kama da juna, kuskuren mai kwafi, da ɗigon da ya faɗi ko ya sauka a inda ba wurinsa ba. Injin ɗab'i ya rage wannan, amma bai kawar da asalin matsalar ba, wadda Aflatun ya ambata tun da can: rubutu ba ya amsa tambaya, kuma ba ya sanin wanda ya fahimce shi a karkace. Imam Shafi'i ya haddace Muwaɗɗa tun kafin ya ga Imam Malik, duk da haka ya tafi Madina ya karanta shi a gabansa. Da jarrabawar rubutu ce manufa, da bai bar Makka ba. Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, wanda ruwayarsa ce ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya riga ya ji littafin a Andalus daga Ziyad ɗan Abdurrahman, sannan ya yi tafiya ya ji shi daga Malik. Wasu babuka a ƙarshen kitabul i'itikafi ba su tabbata masa daga Malik ba, sai ya ruwaito su ta hannun Ziyad, ya kuma bayyana haka. Ya san abin da ke cikin babukan sarai. Abin da ya ƙi shi ne ya nuna ya halarci zaman da bai tabbatar ya halarta ba, kuma wannan amana ce da har yau mai karanta littafin yake ganin sawunta.

A nan gida, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh don ya lissafo malaman da ya ɗauka daga gare su, ya kuma ba da labarin yadda Shehu Usmanu ya lazimci Malam Usmanu Binduri kusan shekara biyu yana kwaikwayon halinsa da tsoron Allahnsa. Wannan ɓangare na ilimi, wato ladabi da hali, ba a rubuta shi a takardar amsa. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa ba kowace lacca ce zaure ba. Malamin zaure ya san almajirinsa da suna, yana jin karatunsa baƙi bayan baƙi, yana gyara masa nan take. Ba daidai ba ne a kwashi duk falalar wannan zama a ɗora wa ajin da malami bai san fuskar kowa ba.

Akwai kuma shaida cewa rashin halarta a kansa ba zunubi ba ne. Bukhari ya kawo cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yana da maƙwabci Ba'ansare da suke karɓa-karɓa wajen zuwa majalisin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya je sai ya kawo wa ɗan'uwansa labarin abin da ya gudana. Uzuri ne da tsari, ba raini ba. Ɗalibin da ke neman kuɗin makaranta da guminsa, da mai jinyar mahaifi, da matar da ke fama da goyo, duk suna da madogara a nan. Abu Huraira kuwa ya bayyana cewa yawan ruwayarsa ya zo ne daga lazimtar da ya yi lokacin da kasuwa da gona suka shagaltar da wasu. Waɗancan ba su yi laifi ba, amma ya sami abin da ba su samu ba.

Laifi yana shigowa ne ta ƙofar alƙawari. Jami'o'in Nijeriya da dama sun shar'anta halartar kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a zauna jarrabawa, kuma sabon ɗalibi yakan yi rantsuwar bin dokokin makaranta. Suratul Ma'ida ta buɗe da umarnin cika alƙawura, hadisi kuma ya ɗaure Musulmi da sharuɗɗan da suka ƙulla matuƙar ba su saɓa wa shari'a ba. Sharaɗin halarta bai saɓa mata ba, ko da mutum yana ganin ba shi da amfani gare shi. Idan makaranta ba ta sa sharaɗin ba, ko malamin da ke da ikon sassautawa ya sassauta a fili, nauyin ya sauka. Inda ba a yi sassauci ba, mai fashi yakan tsira ne ta hanya ɗaya, wato wani ya sa masa hannu a takardar halarta. Wannan ƙarya ce a rubuce, mai sa hannun ya ba da shaidar zur, wanda aka sa wa kuma ya ci moriyarta. Kyawun maki ba ya wanke ta, kuma abin takaici ne yadda ɗalibai masu kiyaye salla suke ɗaukar ta a matsayin taimakon aboki.

Haƙƙoƙin wasu ma suna rataye a wuyansa. Uban da ya sayar da amfanin gona ya biya kuɗin makaranta yana zaton ɗansa yana aji. Gurbin da ya samu, wasu da yawa sun rubuta JAMB sun neme shi ba su samu ba. Rubutun da yake ara kuwa wani ne ya yi sammako ya zauna ya yi shi, ke nan tsarin nasa ba zai yiwu ba sai da wasu suka yi abin da ya ƙi yi. Abokan karatunsa ma sun yi rashi, domin tambayar haziƙi ɗaya takan buɗe wa aji duka abin da malami bai yi niyyar faɗa ba. Sannan akwai niyya da abin da aka yi da lokacin. Wanda ya bar lacca mai rauni ya shiga laburare yana zurfafa bincike ba ɗaya yake da wanda ya bar ta ya kwanta barci ba, duk da takardar sakamakonsu iri ɗaya ce. Mafi haɗari shi ne wanda fashin ya zame masa abin alfahari, yana so a ce ya ci ba tare da wahala ba. Malaman tarbiyya sun ƙirga jiji da kai cikin cututtukan zuciya, kuma ya fi kama mai baiwa.

Makaranta ma tana da nata kason. Idan ɗalibi zai iya ƙaurace wa kwas gaba ɗaya ya sami maki mafi girma, to ko laccar ba ta ƙara kome a kan takardun da aka raba ba, ko jarrabawar ba ta auna abin da laccar ta ƙara. Binciken 2010 ɗin nan ya nuna cewa dokar tilasta halarta tasirinta a kan maki kaɗan ne. Malamin da ke karɓar albashi don koyarwa, ya zo aji ba shiri, shi ma ya saɓa alƙawari, kuma kiran suna ba zai rufe wannan ba.

Duk sassaucin da aka ambata ya tsaya ne a darussan da littafi zai iya ɗauka. A fannonin da ake koyo da hannu da ido, irin su zagayen duba marasa lafiya a asibitin koyarwa, ɗakin gwaje-gwaje, aikin injiniya da koyon koyarwa, takardar shaida tana gaya wa jama'a cewa mai riƙe da ita ya yi aikin a gaban ƙwararre. Likitanci da makamantansa farilla ce ta kifaya, kuma rayukan mutane ne za a miƙa wa mai takardar. Wanda ya ƙaurace wa waɗannan darussa ba tare da uzuri ba, bai kuma rama su ba, ya karɓi shaidar abin da bai yi ba, ko da shi ne na ɗaya a ajinsa.