Loyis, Kakar Timotawus

Sau ɗaya kaɗai aka ambaci sunan Loyis cikin dukan Littafi Mai Tsarki, watau a II Timotawus 1:5. Bulus yana cikin kurkuku a Roma, yana ganin kwanakinsa sun kusa ƙarewa, ya rubuta domin ya ƙarfafa zuciyar Timotawus. Da ya so ya tuna masa da tushen bangaskiyarsa, sai ya fara da wata tsohuwa, kakar saurayin, kana ya ambaci uwarsa Afniki.

Mu da muke aikin juya Maganar Allah zuwa Hausa mun daɗe a kan wannan aya. Kalmar Helenanci da Bulus ya kira kaka da ita ba ta sake fitowa ko'ina cikin Sabon Alkawari ba, kuma asalinta kalmar bakin yara ce, irin wadda yaro ke kira yana riƙe da bakin zane. Game da bangaskiyar kuwa, ya ce ta zauna cikin Loyis, kamar yadda mutum ke zama a gidan kansa. Baƙo yakan kwana biyu ya yi sallama. Mai gida yana nan da rani da damina.

Bari mu duba inda ta yi wannan zama. Listira ƙaramin gari ne a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, kusan mil 20 daga Ikoniya. Mutanensa masu bautar gumaka ne. Sa'ad da Bulus ya warkar da wani gurgu a can, suka ɗauke shi da Barnaba alloli ne, har suka kawo bijimai za su yi musu hadaya. Ba a jima ba kuwa aka jejjefe Bulus da duwatsu, aka ja shi bayan gari ana tsammani ya mutu. A cikin gida ma ba sauƙi, gama Afniki Bayahudiya ce, mijinta Baheleni, yaron kuma har ya girma ba a yi masa kaciya ba. Duk da haka Bulus ya shaida cewa tun yana jariri Timotawus ya san Littattafai masu tsarki. Wa ya sa masa su a kunne? A ganinmu matan nan biyu ne, tsohuwar kuma ita ce kan gaba.

Ga abin da ya fi nauyi. Da Bulus ya komo Listira, ya nemi saurayin ya bi shi, gidan da ya yi renonsa ya sake shi ya tafi tare da mutumin da aka jefa a garinsu. Sun san irin hanyar da zai bi.

A ikkilisiyoyinmu akwai tsofaffi da yawa da aka bar wa jikoki, iyaye sun tafi neman abinci ko sun riga mu gidan gaskiya. Waɗansunsu ba su iya karatu ba, amma Zabura tana bakinsu, suna rera ta lokacin tuƙa tuwo. Sau da yawa mukan lissafta masu wa'azi da masu koyarwa, mu tsallake su. Kafin mu taru mako mai zuwa, bari kowa ya tuna wanda ya fara koya masa addu'a, ya zo ya faɗa mana sunansa.