Ɗalibin Jarida da Kuɗin Kuɓewa

A Kamaru, ɗalibin aikin jarida ba ya karɓar takardar kammala karatu sai ya yi abin da ake kira sitaj, wato zaman koyon aiki a gidan rediyo, talabijin ko jarida. Zai dawo da shaida mai hatimi, ya rubuta rahoton abin da ya yi, malamai su ba shi maki. Ni ina goyon bayan wannan sharaɗi. Babu allon da zai koya maka yadda ake tsayar da mai sayar da kifi a bakin Binuwai ya yi maka magana cikin daƙiƙa talatin, ko yadda ake mayar da sanarwar gwamna daga Faransanci zuwa Fulatanci ko Hausa ba tare da ta zama ƙarya ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan: idan ka wajabta wa mutum aiki, ba ka kuma ce a biya shi ba, wa ya ɗauki nauyin cikinsa, wa kuma ya ɗauki nauyin halin da zai koyo a can?

Babbar makarantar aikin jarida ta ƙasar, ESSTIC, tana Yawunde, tun 1970 aka kafa ta. Ɗan Garwa da ya samu shiga sai ya bi mota zuwa Ngaundere, ya kwana cikin jirgin ƙasa kafin ya isa. Lokacin sitaj, zama a Yawunde na nufin kuɗin haya da na abinci, don haka da yawa kan so su dawo gida. A gida kuwa ƙofofin ba su da yawa: tashar CRTV ta yanki, 'yan gidajen rediyo masu zaman kansu, sai wakilan jaridu irin su L'Œil du Sahel. Wanda babansa ya san wani ya samu kujera, wanda bai san kowa ba ya yi ta yawo da takardar neman gurbi a cikin ranar Garwa ta watan Afrilu.

Koyon sana'a a hannun maigida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron tela yakan shekara yana guga da ɗinkin maɓalli kafin a bar shi ya taɓa almakashi, ba a kuma ba shi albashi. Amma a duba yarjejeniyar da kyau. Maigida na ciyar da shi da rana. In ya yi rashin lafiya maigida ya sani. Da salla a ɗinka masa riga. In ya ɓata yadin wani, maigida ne ke biya, don sunansa ne a kan shagon. Ranar yaye kuma, maigidan kirki kan taimaka masa da keke ko ya tura masa masu kawo ɗinki. Ba a rubuta komai ba, amma unguwa duka shaida ce, wanda ya ci ƙarfin yaro ya sallame shi hannu rabbana ya san abin da za a faɗa a kansa. Sitaj ya ɗauki rabin wannan tsari, rabin da ya ce ka yi aiki ka yi haƙuri, ya yar da rabin da ya ce kana da haƙƙi a kan wanda kake yi wa. Hatimi ne ya maye gurbin kwanon abinci.

Na san amsar masu gidajen, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ƙaramin rediyo da ke rayuwa da sanarwar aure da ta rasuwa, wanda ma'aikatansa kan bi shi albashi, da me zai biya baƙo? Kuma a makonnin farko ɗan sitaj nauyi ne: a gyara masa rubutu, a sake ɗaukar muryar da ya lalata. Na yarda. Sai dai bayan wata guda shi ake aikawa ɗauko rahoto, muryarsa ke fita a labaran yamma, kuɗin acaɓa kuma daga aljihun mahaifiyarsa.

A nan ne kuɓewa ke shigowa. 'Yan jaridar Kamaru na kiran ambulan da ake miƙa musu bayan taro da sunan gombo, wato kuɓewa, mai sa lomar tuwo ta wuce ba gardama. A Najeriya ma an san ta da wani sunan. Ka ɗauki yarinya ko yaro da aka shafe shekara ana karanta masa ɗa'ar aiki, ka aike shi taron wata ƙungiya da ƙafa, a gama a fito da takarda a ce kowa ya sa hannu ya karɓi na mota. Manyansa sun sa. In ya ƙi, ya ci musu fuska, kuma da me zai koma? In ya karɓa, gobe da wane baki zai ce rijiyar da aka buɗe ba ta da ruwa? Ba wanda zai ce masa ya yi ƙarya. Zai dai ji nauyin mutanen da suka yi masa alheri, kuma jin nauyi a wurinmu hali ne na ɗan mutunci. Wannan shi ya sa abin ya fi cin hanci na fili haɗari, don da kyakkyawar tarbiyyarsa ake kama shi. Ina jin haushi in na ji ana zagin irin waɗannan yara da kwaɗayi. Darasin da aka tura su koya ke nan, sun kuwa koya.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ba wasa ba ne a arewa. A Yulin 2015 aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa. Kotun soja ta yanke masa shekara 10 a 2017, aka sake shi a Disambar shekarar bayan ɗaukaka ƙara. Wannan mutum ne da babban gidan rediyo na Faransa ke tsaye a bayansa. Ɗan sitaj da ba shi da katin aiki, in jandarma ya tare shi da na'urar ɗaukar murya a hanyar Mora, wa zai kira?

Ni a ganina bashin yana wuyan wanda ya gindaya sharaɗin. Gidan rediyo bai ce dole a zo masa ba, jami'a ce ta ce. To ita ya kamata ta nemo gurbin, ta rubuta da gidan abin da za a koya wa ɗalibi da inda ba za a aike shi ba, ta tura malami ya leƙa ko sau ɗaya, ta kuma ware kuɗin mota daga abin da iyaye suka biya. Najeriya ta gwada wani abu mai kama da haka tun 1973 da shirin SIWES, inda ake ba ɗalibai ɗan alawus, ko da yake ɗalibai kan yi kukan jinkirinsa. A 2022 aka kafa Jami'ar Garwa, kusa da su Ngaundere da Marwa. Sabuwa ce, al'adunta ba su gama daskarewa ba, kuma kuɗin acaɓa na wata biyu ga ɗalibi guda bai kai abin da ake kashewa a kujerun haya na bikin yaye ɗalibai ba.