Ƙafafun da Ka Ba Ni

Ya Ubangiji, da safen nan ina tunanin abin da ke tayar da mutum daga shimfiɗa ya kama tafiya, alhali ba wanda ya aike shi.

Da yawanmu tsoro ne ya fara fitar da mu. Likita ya auna ya ce jini ya hau, ko suga ya yi yawa, sai mutum ya sayi kambas ya fara zagaya fili. Ban raina wannan tsoro ba, ya ceci rayuka. Amma ba ya daɗewa. Da zarar awo ya sauka, ko hunturu ya shigo da sanyi da ƙura, sai kambas ya koma ƙarƙashin gado.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Na gode maka saboda masanan da suka gano haka. Sai dai ba lissafin ne ke riƙe ni a hanya ba.

Daɗi ne ke riƙe ni. Farkon tafiya da nauyi, gwiwa tana gardama. Can sai jiki ya saki, numfashi ya daidaita, gumi ya fara tsattsafowa. Mai shayi yana hura wuta, mu gaisa, in wuce. A wannan lokaci nake jin bugun zuciyata.

Kusan sau 100,000 take bugawa a kowace rana, ina barci ko ina farke. Ban taɓa ba ta umarni ba. Kai kake riƙe da ita, tun ina cikin mahaifiyata.

Ashe tafiyar nan ba bashi nake biya ba, kyautarka nake mora. Ba lafiya nake saye a wurinka da gumina ba. Akwai waɗanda suka fi ni kula da jikinsu, yau suna kwance a asibiti, ƙaunarka gare su kuwa ba ta ragu ba. Ka tuna da su, ya Uba.

Shi ya sa ranar da ruwan sama ya hana ni fita, ko gajiya ta rinjaye ni, raina ba ya ɓaci kamar dā. Washegari in ɗaura takalmi in ci gaba. Kana tare da ni a ɗaki, kana tare da ni a hanya.

Ban san shekara nawa ƙafafun nan za su ɗauke ni ba. Wata rana za su nemi sanda. Na bar wannan a hannunka.

Na yau kawai nake roƙo. Ka ba ni ƙarfin fita, ka buɗe idona in ga maƙwabcin da ke son tafiya amma ya rasa abokin hanya, in ƙwanƙwasa masa ƙofa mu tafi tare. Amin.